Benci, umarnin koci, kyaftin ko gwanayen ƙafa: wace hanya za ka bi ƙungiyarka ta zari-ruga ta iya sauya dabara ana cikin wasa?

Wannan rubutu na kocin da ke da ƙungiya a hannu ne, ko ta makaranta ko ta ƙaramin kulob, wanda ya lura cewa yaransa suna wasa mai kyau muddin komai na tafiya yadda aka tsara, amma da zarar ruwa ya sauko, ko aka ba wani kati, ko abokan karawa suka zo da abin da ba a zata ba, sai su ci gaba da maimaita abu ɗaya har a tashi. Lokacin atisaye kaɗan ne, kuɗi ma haka. Ba za ka iya gina komai a kakar wasa guda ba, dole ka zaɓi inda za ka zuba ƙarfinka.

Zari-ruga na da wata ɗabi'a da ke sa lamarin ya fi na ƙwallon ƙafa wuya. A manyan wasanni koci ba ya tsayawa bakin layi yana ihu, yana can sama a ɗaki yana kallo. Minti 40 ake yi kafin hutu, hutun kuma ba ya wuce minti 15. Wanda aka cire don dabara ba ya komawa fili, sai a wasu yanayi na rauni da doka ta lissafa. Katin gargaɗi yana fitar da mutum na minti 10 cur. Ga kuma alƙalin wasa, wanda yadda yake fassara turereniyar sikiram (inda mutum takwas na kowane ɓangare ke haɗa kafaɗa su tura juna don samun ƙwallo) da kokawar ƙwallo a ƙasa kan bambanta daga wannan mako zuwa wancan.

Hanyoyi huɗu manyan ƙungiyoyi suka fi bi: sauya wasa da 'yan benci, sauya shi da umarni daga koci, horar da jagorori a cikin fili su yanke hukunci da kansu, ko kuma sa gwanayen tsara wasa da bugun ƙafa fiye da ɗaya.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi

Na farko tsada. Ba kuɗi kaɗai ba, har da yawan 'yan wasan da hanyar ke bukata da kayan aiki. Na biyu sauƙin koyarwa: makonni za ta ci ko shekaru? Na uku saurin aiki, wato daga lokacin da matsala ta bayyana zuwa lokacin da gyara ya isa fili. Na huɗu ƙarko: idan gwani ya tafi ko abokan hamayya suka gano lagonka, hanyar za ta ci gaba da aiki? Na biyar haɗari, wato abin da zai same ka ranar da ta ƙi.

Akwai kuma wata tambaya da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Sauyi iri biyu ne. Akwai wanda ka hango tun kafin a busa usur, kamar gajiyar ƙartin gaba (manyan 'yan wasa takwas masu turereniya) bayan minti 50 ko iskar da za ta koma bayanka a zagaye na biyu. Akwai kuma na ba-zata. Wasu hanyoyin gwanaye ne a na farkon, amma ba su da ta cewa a na biyun.

Hanya ta ɗaya: ƙarfin benci

Kowace ƙungiya na zuwa da mutum 23, 15 a fili, 8 a benci. Al'adar da aka saba ita ce ƙartin gaba biyar da masu gudu uku. Afirka ta Kudu ƙarƙashin Rassie Erasmus ta mayar da shi shida da biyu a Gasar Kofin Duniya ta 2019, sannan a 2023 ta kai shi bakwai da ɗaya. Hikimar ba ta da sarƙaƙiya: ƙartin farko su ba da duk abin da ke jikinsu na minti 45 ko 50, sai a turo wasu sababbi masu nauyi ɗaya da su, su tarar da gajiyayyu.

A wasan ƙarshe na 2019 a Yokohama abin ya yi aiki ta fuska biyu. Bongi Mbonambi da Lood de Jager sun ji rauni tun kafin hutu, amma waɗanda suka maye gurbinsu, Malcolm Marx da Franco Mostert, ba su gaza su ba. Ingila kuwa ta rasa Kyle Sinckler a mintunan farko, Dan Cole ya ɗauki kusan dukkan wasan, aka yi ta samun fanareti a kansu a sikiram, Handré Pollard yana mayar da su maki. Aka tashi 32-12.

Misalin da ya fi nuna sauyi na gaskiya shi ne wasan kusa da na ƙarshe na 2023 a Paris, ana ruwa. Ingila ta zo da shiri ɗaya tak, ta buga ƙwallo sama ta bi ta, kuma shirin yana ci. Masu horar da Afirka ta Kudu ba su jira hutu ba, suka cire lamba 10 ɗinsu, wato mai tsara hari da bugun ƙafa, Manie Libbok, a minti na 31 suka sa Pollard. Bayan hutu suka cire manya irin su Eben Etzebeth da kyaftin Siya Kolisi da wuri. Ingila na gaba 15-6 lokacin da Ox Nché da Vincent Koch suka fara murƙushe sikiram ɗinta. RG Snyman, shi ma daga benci, ya dangwala ƙwallo a bayan layi, wato cin da ke ba da maki biyar, aka ƙara biyu da bugu, Pollard ya buga fanareti daga kusa da tsakiyar fili saura minti biyu. 16-15. Kusan duk wanda ya juya wasan ba ya cikin waɗanda suka fara.

Tsada: wannan ce mafi tsada, nesa ba kusa ba. Kana bukatar 'yan sahun gaba na sikiram guda shida da suka ƙware, da ƙarti na biyu waɗanda da a wata ƙungiya suke, su za su fara wasa. Ga ƙaramin kulob wannan na nufin ƙarin kujeru a mota, ƙarin abinci, da kuma lallashin gwanin da zai zauna minti 50 yana kallo ba tare da ya yi fushi ya koma wani kulob ba. Koyarwa kuwa da sauƙi, domin ba sabuwar dabara ake koya ba, mutane ake canzawa. Saurin aiki ma babu laifi, da zarar wasa ya tsaya an yi canji.

Haɗarin yana wurin masu gudu. A wasan ƙarshe na 2023 Willie le Roux kaɗai ne mai gudu a bencin Afirka ta Kudu, babu lamba 9 na biyu (mai ɗauko ƙwallo daga wurin ƙarti ya miƙa wa masu gudu), don haka dole Faf de Klerk ya kai ƙarshe ko ta halin ƙaƙa. Mbonambi ya ji rauni tun minti na uku bai cika ba, Deon Fourie, wanda ya fi sabawa da sahun baya na ƙarti a shekarun nan, ya karɓi aikinsa na jifa daga layi, wato jefo ƙwallo cikin fili bayan ta fita, jifan kuma ya yi ta tangarɗa. Sun ci 12-11, a kan Niyu Zilan da ta buga mafi yawan wasan da mutum 14 bayan jan katin Sam Cane. Wata guda kafin nan, da wannan bencin na bakwai da ɗaya, Ailan ta doke su 13-8. Faransa ta gwada shi a Dublin a Maris na 2025: lamba 9 ɗinta Antoine Dupont ya ji rauni a gwiwa, mai gudu ɗaya tilo da ke benci ya shiga, wani ɗan tsakiya ya sake fita, sai ga ƙato Oscar Jégou yana buga tsakiya. Ya yi kyau har ya ci, Faransa ta yi nasara 42-27. Amma dubi irin ɗan wasan da ake bukata kafin caca irin wannan ta biya.

Abu guda da masu kwaikwayo ke mantawa: benci yana sauya ƙarfin wasa, ba lallai ya sauya tunaninsa ba. Idan matsalarka ita ce abokan karawa sun gano inda kake kai hari, sababbin ƙarti za su ci karo da bango ɗaya, da ƙarfi kawai. Kuma idan 'yan ƙasa da shekara 19 kake horarwa, doka ta hana tura sikiram fiye da mita ɗaya da rabi, don haka rabin ribar wannan hanya ta tafi tun kafin a fara. Kada kuma ka kuskura ka sa yaron da bai koyi sahun gaba ba a wurin don cike gurbi. Wuyan mutum ake magana.

Hanya ta biyu: umarni daga koci

Nan koci da mataimakansa ne ƙwaƙwalwa. Suna sama suna ganin fili gaba ɗaya, a manyan ƙungiyoyi da kwamfuta a gabansu ana nuna musu bidiyo nan take, su aika saƙo ta rediyo ga masu kai ruwa da masu duba rauni, su kuma su isar. Erasmus ya kai abin ƙarshe a 2021, lokacin rangadin Lions, haɗakar ƙungiyar Birtaniya da Ailan, a Afirka ta Kudu, inda ya riƙa shiga fili da kansa a matsayin mai kai ruwa. Hukumar World Rugby ta hana babban koci ko daraktan wasa yin wannan aiki a 2022, ta kuma rage lokutan shigar masu ruwa. A 2023 sai aka ga bencin horarwar Afirka ta Kudu yana haska fitilu masu launi daga sama.

A matakin ƙaramin kulob tsadarta matsakaiciya ce, ana ma iya yin ta da araha: mutum ɗaya mai ido a wuri mai tudu, waya biyu, da mai kai ruwa da ya san wasa sosai har zai iya isar da saƙo cikin jimla ɗaya. Koyarwa ma ba wuya. Kuma gaskiya wanda ke sama yana ganin abin da wanda kansa ke cikin kokawa ba zai gani ba, kamar ɗan gefe da ke yawan matsowa ciki yana barin fili a bayansa.

Rauninta jinkiri ne, kuma babu wasan da ya tona wannan kamar na Ingila da Italiya a Twickenham a Fabrairun 2017. Italiya ƙarƙashin Conor O'Shea ta ƙi shiga kokawar ƙasa bayan an kayar da mai ƙwallo. A dokar lokacin, in babu kokawar, babu layin satar gida, don haka 'yan Italiya suka riƙa zagayowa suna tsayawa a tsakanin lamba 9 na Ingila da masu jiran ƙwallo. Ingila, wadda ba a doke ta ba tun zuwan koci Eddie Jones, ta rikice. Dylan Hartley da James Haskell suka je suna tambayar alƙali Romain Poite yadda za su yi, ya ba su amsa cewa shi alƙali ne, ba kocinsu ba. Aka tafi hutu Italiya na gaba 10-5. Maganin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗauki ƙwallo ka kutsa ta tsakiya, tunda babu kowa a wurin. Bayan hutu suka yi hakan, suka ci 36-15, daga baya ma aka gyara dokar. Ƙwararrun da ake biya albashi sun shafe minti 40 suna jiran a faɗa musu abin da ke gaban idonsu. Da abokan karawar sun fi Italiya ƙarfi, da kafin hutun an gama da su.

Ƙarkonta ya rataya ne a kan mutum ɗaya. Ranar da koci bai zo ba, ko ya koma wani wuri, ƙungiyar ta zama marainiya. Kuma tana da wata illa da ba a gani da wuri: 'yan wasan da suka saba jiran saƙo suna daina kallon abin da ke gabansu, su koma kallon bakin layi.

Hanya ta uku: jagorori a cikin fili

Niyu Zilan ce ta fi shahara da wannan, kuma ba da daɗi ta koya ba. Graham Henry ya kafa rukunin jagorori cikin 'yan wasa tun 2004, amma duk da haka a Cardiff a 2007 Faransa ta fitar da su 20-18. Ƙwallo na hannunsu kusan duk ƙarshen wasan, maki biyu kacal ke tsakani, lamba 10 Dan Carter da mataimakinsa Nick Evans duk sun fita da rauni, suka yi ta kutsawa kusa da layi ba tare da sun shirya bugun faɗi-tashi mai maki uku ba, wato a saki ƙwallo ta taɓa ƙasa a doke ta tsakanin sanduna. Bayan nan suka mayar da hankali kan horar da nutsuwa a lokacin matsi, tare da Gilbert Enoka da likitan ƙwaƙwalwa Ceri Evans. Sakamakon ya fito a hankali. A 2011 sun riƙe 8-7 a kan Faransa da Stephen Donald, lamba 10 na huɗu a jeri. A Dublin a 2013 Ailan ta yi musu 19-0, suka dawo suka ci 24-22 bayan lokaci ya cika. A 2015, ana ruwa a Twickenham, Afirka ta Kudu na gaba 12-7, Jerome Kaino na waje da kati, Carter ya buga ainihin bugun da aka rasa a 2007, aka tashi 20-18.

Yadda ake gina ta ba sirri ba ne. A atisaye ka daina ba da amsa, ka riƙa ba da yanayi: saura minti huɗu, ana binku maki biyu, lamba 7 na waje, iska na fuskarku, ku yi abin da kuka ga dama. Ka yi shiru har su gama, sannan ka tambaye su dalili. Ka raba nauyi: wani ne ke kiran jifa daga layi, wani ke tsara tsaro, lamba 9 da 10 ke da hari, kyaftin ke magana da alƙali da yanke hukuncin fanareti. Ka sa su karanta littafin doka, domin abin da ya kunyata Ingila a 2017 rashin sanin doka ne kafin ya zama rashin dabara. Ingila ta 2003 ta yi irin wannan shiri: tafiyar da ta kai Jonny Wilkinson ga bugun da ya ci kofi a Sydney, 20-17, kira ne da suka sha maimaitawa, lamba 9 Matt Dawson ya kutsa, Martin Johnson ya ƙara ɗauka don Dawson ya samu ya miƙe ya koma wurinsa.

Kuɗi kusan babu. Lokaci kuwa mai yawa, kaka biyu ko uku da mutane kusan ɗaya, ga haƙurin kallon yaranka suna yanke hukunci mara kyau kana iya hanawa amma ka ƙyale. Ga wanda ya taso a tarbiyyar da yaro ba ya musu da malaminsa, wannan sashe ya fi kowanne wuya, ga koci da 'yan wasan baki ɗaya. Yaro zai ga gyara ƙarara ya yi shiru don kunya. Dole kai da kanka ka buɗe ƙofar, ka nuna cewa a cikin fili faɗin abin da aka gani ba raini ba ne. A 2019 Ingila ta yi wa Sikotlan 31-0 a Twickenham, aka tafi hutu 31-7. Finn Russell, lamba 10 na Sikotlan, ya faɗa da bakinsa bayan wasan cewa sun yi musu da koci Gregor Townsend a ɗakin hutu kan yawan buga ƙwallo ga Ingila. Suka dawo suka riƙe ta a hannu, aka tashi 38-38.

A saurin aiki babu wadda ta kama ƙafarta, domin mai ganin matsalar shi ne mai gyara ta. Ƙarko ma haka, in dai manya suna koya wa na baya kafin su tafi.

Haɗarin fa? Hukuncin na iya zama kuskure, kuma babu mai janye shi. Mako guda a Satumbar 2015 ya nuna fuskokin biyu. A Brighton Afirka ta Kudu na gaban Japan 32-29, lokaci ya kusa cika, Japan ta samu fanareti. Eddie Jones, kocinta a lokacin, yana son a buga a yi kunnen doki. Kyaftin Michael Leitch ya ga abokan karawa sun rage mutum ɗaya, ya zaɓi sikiram, Karne Hesketh ya ci a kusurwa, 34-32. Bayan kwana bakwai Wales na gaban Ingila 28-25, kyaftin ɗin Ingila Chris Robshaw ya ƙi bugun da zai kawo kunnen doki, ya zaɓi jifa daga kusurwa, aka ture su waje. Ingila ta fita daga gasar da take karɓar baƙunci tun a rukuni. Zuciya iri ɗaya, ɗaya ya zama gwarzo, ɗaya ya sha zagi. In za ka bi wannan hanya, ka shirya tsaya wa kyaftin ɗinka a ranar Robshaw, in ba haka ba ba zai sake yanke hukunci ba.

Hanya ta huɗu: gwanayen tsara wasa da ƙafa

Mafi yawan sauyin dabara a zari-ruga yana komawa ga tambaya ɗaya: mu riƙe ƙwallo a hannu ko mu buga ta mu ci fili? Ƙungiyar da ke da mutum biyu masu iya karanta wasa da bugawa, ɗaya a lamba 10, ɗaya a 12 ko 15, tana iya juyawa tsakanin biyun ba tare da canza kowa ba. Ingila ta yi shekaru da George Ford da Owen Farrell, Niyu Zilan ta haɗa Richie Mo'unga da Beauden Barrett daga 2019. Dokar 50:22, da aka fara gwadawa a duniya baki ɗaya a 2021, ta ƙara wa hanyar daraja: in ka buga daga rabinka ƙwallo ta yi tsalle ta fita a cikin mita 22 na abokan karawa, jifan naka ne. Wannan na tilasta musu ajiye mutane a baya, sai fili ya buɗe a gaba.

Abin da ƙafa mai hankali ke iya yi ya bayyana a Marseille a 2023. An kori Tom Curry a minti na uku, Ingila ta rage 14 a gaban Ajantina, Farrell ma yana dakatarwa. Ford ya ajiye batun kai hari da hannu, ya buga faɗi-tashi uku kafin hutu, ya ƙara fanareti shida. Duk maki 27 nasa ne, aka tashi 27-10.

Tsadarta ba a yawan mutane take ba, a ƙarancin irinsu take. Mai bugu nagari shekaru ake yi ana ƙera shi, yana bukatar ƙwallaye masu kyau da sanduna da awanni shi kaɗai bayan kowa ya tafi. In ka same shi, sauyi na zuwa nan take. In ya ji rauni ko babban kulob ya ɗauke shi, hanyar ta tafi da shi, shi ya sa na biyun yake da muhimmanci. Akwai kuma batun tsaro: masu dabara biyu a 10 da 12 galibi ba su da nauyi, abokan karawa za su turo ƙatonsu ta nan. Jones da kansa ya ajiye Ford a benci a wasan Ostireliya na 2019 saboda ƙaton ɗan tsakiyarsu Samu Kerevi, ya dawo da shi a wasan da suka doke Niyu Zilan 19-7. Mako guda bayan haka, a wasan ƙarshe da Afirka ta Kudu, a bayan sikiram da ke ja da baya, Ford da Farrell duka ba su iya komai ba. A busasshen fili mai tauri irin na lokacin hunturu ƙwallo na tsalle yadda ta ga dama tana kuma gudu da nisa, abin da ke taimakon mai bugu da ya san filinsa, ya wahalar da baƙo.

Wani zai ce, me zai hana a ƙware a tsari ɗaya har ba a bukatar sauyi? Ailan ta kusa tabbatar da haka. A Paris a 2018 ta riƙe ƙwallo zagaye 41, wato kai hari sau 41 a jere ba ta rasa ta ba, har Johnny Sexton ya buga faɗi-tashi ta doke Faransa 15-13. A 2023, a filin nan dai, ta riƙe zagaye 37 tana neman maki biyar, Sam Whitelock ya ƙwace, Niyu Zilan ta wuce 28-24. Tsari irin wannan na bukatar 'yan wasan da ke tare kullum, kamar yadda yawancin 'yan Ailan ke kulob ɗaya, Leinster, don haka ban sa shi cikin zaɓin ƙaramin kulob ba.

| Hanya | Tsada | Koyarwa | Saurin aiki | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Benci | Mai yawa ƙwarai | Da sauƙi | Da zarar wasa ya tsaya | Muddin akwai ƙarti | Raunin masu gudu |
| Umarnin koci | Matsakaiciya | Da sauƙi | A hankali, wani lokaci sai hutu | Ya dogara da koci | Ba-zata, da 'yan wasa masu jira |
| Jagororin fili | Kuɗi kaɗan, lokaci mai yawa | Da wuya | Nan take | Mai tsawo | Hukuncin kuskure |
| Gwanayen ƙafa | Mutanen ne ke da wuyar samu | Shekaru | Nan take | Gajere in mutum ɗaya ne | Tsaron tsakiya, raunin gwani |

Wacce ta dace da wa

In kana da ƙarti masu yawa, kamar ƙungiyar jami'a ko ta ma'aikatan ɗamara, kuma sahun gabanka shida duk sun koyi aikin, ka bi benci, amma ka tsaya a shida da biyu, ka tabbata ɗaya daga cikin biyun lamba 9 ne, ɗayan kuma yana iya buga wurare uku. Bakwai da ɗaya ka bar wa masu irin Jégou. Ka duba dokar gasarku tukuna, domin wasu ƙananan gasanni suna yarda a fita a dawo, wannan kuwa yana sauya lissafin gaba ɗaya.

In sababbin shiga ne a hannunka, ko ƙungiyar da aka haɗa makonni kaɗan kafin gasa, umarnin koci ne kawai zai yi aiki a wannan kakar. Ka taƙaita shi: shiri biyu masu suna, na hannu da na ƙafa, da kalma ɗaya da ke juya su. A hutu kada ka wuce gyara biyu.

In makaranta ce ko kulob na unguwa, irin waɗanda ake samu a Kano, Kaduna ko Jos, inda yara ɗaya za su kasance tare da kai shekara uku ko huɗu kuma da ƙyar ake cika mutum 20 ranar wasa, jagororin fili nake ba ka shawara ba tare da jinkiri ba. Ita ce kaɗai ba ta neman abin da ba ka da shi, ita ce kuma ke amsa ba-zata. Ka ware minti 15 na ƙarshen kowane atisaye don wasan yanayi, ka yarda cewa kakar farko za ku yi asarar wasa ɗaya ko biyu da umarninka zai iya cetowa.

In Allah ya ba ka yaro mai ƙafa, musamman wanda ya fito daga ƙwallon ƙafa, ka gina hanya ta huɗu a kansa, ka fara horar da na biyu tun yau, ka ajiye mai nauyi kusa da su. Tana tafiya da ta uku cikin sauƙi, domin lamba 10 mai tunani rabin rukunin jagorori ne.

In kuwa wasan mutum bakwai-bakwai kuka fi bugawa, inda kowane zagaye minti 7 ne kuma hutu minti 2, saƙo daga sama ba zai iso a kan lokaci ba, benci kuma na sabunta numfashi ne kawai. Ka sa ƙarfinka a kan kyaftin da mai bugun farawa, su biyun su riƙa yanke shawarar dogo ko gajere tun kafin su iso tsakiyar fili.